Yadda Ake Gina Mayaƙi Mai Makamin Hannu Biyu a Wasan Labari na Tebur

Ɗan dambe da hannu biyu yake shiga fili, amma kowanne da aikinsa. Wanda aka naɗe da zare shi ne mashi, wanda yake miƙawa gaba yana tare naushi shi ne garkuwa. Mayaƙin da wannan bayani ya shafa ya ajiye garkuwa gaba ɗaya, ya haɗa hannuwan biyu a kan makami guda: ƙaton takobi, barandami, gudumar yaƙi, ko doguwar sanda mai kaifi a ka. Ciniki ne aka yi. An ba da kariya, an karɓi nauyin sara, kuma ribar ba ta fitowa sai a hannun wanda ya iya lissafi kafin ya ɗaga makami. Sabon ɗan wasa yakan ɗauki babban takobi don ya fi kwarjini a zane, bayan zama biyu ko uku sai ka tarar da mayaƙinsa kwance, abokai suna ta fafutukar tashinsa.

Lambobin da ke nan na Dungeons & Dragons ne, bugu na biyar da ya fito a 2014. Wasa ne da ake zama a tebur, kowa da jaruminsa a cikin labari, dayis yana yanke abin da ya faru. An yi masa kwaskwarima a 2024, kuma za mu faɗi wasu wuraren da sabon ya saɓa wa tsohon. Tambayar farko da za ka yi wa mai jan labari, wato wanda ke tafiyar da wasan yana yanke hukunci, tun kafin ka taɓa fensir, ita ce wanne ake bi a teburinsa. Ka kuma tambaye shi ko ya yarda da baiwoyi, wato ƙwarewa ta musamman da ake zaɓar wa mayaƙi, domin a dokar 2014 ganin dama ce, kuma rabin ƙarfin wannan mayaƙi a cikinsu yake.

Kayan da za ka tanada

Ko a ɗakin wani a Agege kuke zama, ko a shago a Idi-Araba bayan an tashi kasuwa, kayan ba su da yawa. Dayis mai fuska ashirin, wanda ake rubutawa d20, shi ne na kai hari. In ba a samu ba, manhajar waya tana jefa shi. Dayis mai fuska shida, d6, shi ne na ludo da ke kowane lungu, ka nemi guda huɗu. Ka buɗe kwalin taliya ka ja masa layuka, kowane gida inci ɗaya, wanda yake a matsayin ƙafa 5 a cikin labari. Murafen kwalba su tsaya a madadin mutane da dodanni. Kada a raina wannan kwali. Faɗan makami mai tsawo ba ya yiwuwa da baki kawai, sai an ga wa ke tsaye a ina, in ba haka ba gardama ce za ta cinye daren.

Me ka rasa da ka ajiye garkuwa

Garkuwa tana ƙara 2 a lambar kariya, wato lambar da jifar mai kai hari sai ta kai kafin sara ya same ka. Sulken zobe da ake fara wasa da shi yana ba da 16, da garkuwa 18. Ɗauki ork, wani dodon wasan, wanda yake kai hari da ƙarin 5 a kan abin da d20 ya ba shi. A kan 16 yana buƙatar 11 ko fiye a d20, wato rabi da rabi. A kan 18 yana buƙatar 13, wato kashi 40 cikin ɗari. Cikin sara goma, mai garkuwa zai sha huɗu, kai za ka sha biyar, kuma kowane saran ork yana cin jini 9 a matsakaici, jini kuwa shi ne makin ran da in ya ƙare ka faɗi. Faita, wato ajin mayaƙi zalla, a mataki na farko da maki 14 a Juriya jininsa 12 ne kacal. Sara biyu sun gama da shi.

Me aka ba ka a madadi? Mai takobin hannu ɗaya da ya zaɓi salon fito-na-fito yana yin d8, dayis mai fuska takwas, da ƙarin 2, matsakaici 6.5. Kai da babban takobi da salon da ya dace kana yin 8.33. Bambancin bai kai 2 ba a kowane sara. Wannan shi ne gaskiyar da ya kamata a faɗa wa kowa tun farko: makamin kaɗai bai biya kuɗin garkuwa ba. Abin da ake ɗorawa a kansa daga baya ne yake biya.

Zaɓen makami

Babban takobi yana yin 2d6, wato d6 biyu a haɗa, kuɗinsa zinariya 50 a kuɗin cikin labari. Gudumar yaƙi ita ma 2d6 ce, amma zinariya 10 kawai, kuma dukanta na farfasawa ne, wanda ƙwarangwal ke shan ninkinsa. In labarin na kaburbura ne da tsofaffin kufai, guduma ta fi takobi nesa ba kusa ba. Barandami d12 ne, zinariya 30. Dogayen makamai masu kaifi a ka, gilef da halbad, d10 ne, zinariya 20, suna kaiwa ƙafa 10. Dogon mashin tsiri shi ma d10 ne da kaiwa ƙafa 10, zinariya 5.

Mutane sukan ɗauka 2d6 da d12 abu ɗaya ne tunda duka a 12 suke tsayawa. Ba ɗaya ba ne. Matsakaicin 2d6 shi ne 7, na d12 kuwa 6.5. Dayis biyu sukan taru a tsakiya, sun fi faɗawa tsakanin 5 da 9, kuma ba za su taɓa ba ka ƙasa da 2 ba. Barandami yana ba da 12 sau ɗaya cikin jifa goma sha biyu, takobi sau ɗaya cikin talatin da shida, amma barandamin yana ba da 1 da yawan da yake ba da 12. Mai son sara da za a dogara da shi ya ɗauki takobi ko guduma. Ga kuma sauƙin da ya shafe mu a nan Legas: dayis ɗin ludo biyu sun wadatar.

Wuri ɗaya barandami yake wuce takobi, shi ne saran kan gaɓa, wato idan d20 ya faɗa a 20 aka ninka dayis ɗin ɓarna. A dokar 2014, ruwa-biyun ork, wato rabi mutum rabi ork, yana ƙara dayis ɗaya na makami a irin wannan sara, Babariyan ma, ajin mayaƙi mai faɗa cikin fushi, yana samun ƙarin ɗaya a mataki na 9. Dayis ɗaya ake ƙarawa, ba biyu ba, don haka mai takobi d6 yake samu, mai barandami d12. Wanda ya haɗa duka biyun yana jefa 4d12, matsakaici 26, a inda takobi zai ba da 6d6, matsakaici 21. Kafin mataki na 9 dai takobi ne a gaba da ɗan kaɗan.

Duk waɗannan makamai suna da alamar nauyi. A dokar 2014 ƙananan halittu, irin su halfilin da nom, suna kai hari da su cikin naƙasu, wato a jefa d20 biyu a ɗauki ƙarami. A ta 2024 an daina duba girman jiki, Ƙarfi 13 ake nema. Idan Faita kake ginawa, a kayan farawa ka zaɓi makaman yaƙi biyu maimakon makami da garkuwa: takobi da guduma, ko takobi da gilef. Ka ɗauki ƙananan gatura biyun da ke cikin kayan farawa ma, za mu zo kan amfaninsu.

Rabon lambobi da zaɓen aji

Jerin lambobin da aka saba rabawa shi ne 15, 14, 13, 12, 10, 8. Ƙarfi ya ɗauki 15, babu shawara a nan, domin shi ke shiga harin da ɓarnar duka. In ɗan Adam mai baiwa tun mataki na farko ka zaɓa, sa ƙarin maki ɗaya a Ƙarfi ya zama 16, ɗayan a kan 13 na Juriya ya zama 14. Mai sulke mai nauyi ba ya cin amfanin Zafin Nama a lambar kariyarsa, don haka 14 ɗin da ya rage ya fi kyau a Hikima, saboda sihirin da ke kama hankali ko ya sandare mutum ta nan yake shigowa, kuma mayaƙin da aka juya wa hankali da ƙaton takobi a hannu bala'i ne ga abokan tafiyarsa. Babariyan dabam ne: fushinsa ba ya aiki cikin sulke mai nauyi, shi yana buƙatar Zafin Nama 14.

Faita shi ne mafi sauƙi kuma mafi yawan sara: biyu a mataki na 5, uku a na 11, ga damar sake wani cikakken aiki sau ɗaya kafin hutu tun daga mataki na 2. Yana kuma samun ƙarin maki ko baiwa a mataki na 4, na 6 da na 8, na 6 ɗin kuwa sauran ba su da shi. Babariyan yana da d12 na jini, fushinsa yana ƙara ɓarna 2 kuma yana rage rabin sara, suka da duka, don haka shi ne wanda rashin garkuwa bai cika damunsa ba. Faladin, ajin mayaƙi mai sihiri, yana ƙona sihirinsa a kan sara, ƙarin ɓarna 2d8 in ya kashe damar sihiri ɗaya ta matakin farko, kuma bayan ya ga saran ya samu yake yanke shawara.

Sulke kuma kada a yi sanya. Da zarar zinariya 200 ta taru, sayi mai lambar 17. Na faranti mai 18 zinariya 1,500 ne. Duka biyun suna neman Ƙarfi 15, in babu, tafiyarka ta ragu da ƙafa 10.

Salon faɗa: ba koyaushe mai sunan ba ne ya dace

Salon Babban Makami yana cewa idan dayis ɗin ɓarna ya ba da 1 ko 2, ka sake jefa shi sau ɗaya, kuma abin da ya fito na biyu shi ne naka ko da 1 ne. A takobi da guduma yana ɗaga matsakaici daga 7 zuwa 8.33. A barandami daga 6.5 zuwa 7.33. A gilef daga 5.5 zuwa 6.3. A dokar 2024 ba a sake jifa, 1 da 2 ake ɗauka a matsayin 3, sai ƙarin ya koma 1 a takobi, 0.25 a barandami, 0.3 a gilef.

Duba waɗannan lambobi da kyau. Salon Kariya yana ƙara 1 a lambar kariya muddin kana sanye da sulke, wato ya dawo maka da rabin garkuwar da ka ajiye. A ganinmu mai takobi ko guduma ne kawai ya kamata ya ɗauki salon Babban Makami. Mai barandami da mai dogon makami su ɗauki Kariya, musamman a dokar 2024 inda rubu'in maki ba abin da zai tsinana. Faladin kuma ya sani cewa hukuncin da masu wasan suka fitar shi ne sake jifar ya tsaya a dayis ɗin makami, bai shafi d8 na sihirinsa ba, sai in mai jan labari ya ga damar sassautawa.

Sauke biyar, ɗauki goma

Nan ne kasuwar take. Baiwar Gwanin Babban Makami ta 2014 tana da rassa biyu. Na farko: kafin ka jefa hari da makami mai nauyi, kana iya rage 5 daga harin, in ya samu ka ƙara 10 a ɓarna. Na biyu: in ka yi saran kan gaɓa ko ka kashe wani a layinka, wato lokacin da wasa ya zo kanka, kana da ƙarin sara guda a matsayin gyara. Gyara muke kiran ƙaramin aikin nan da ake samu ɗaya tak a kowane layi, kamar abin da mai awo ke ɗora maka a kan mudu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauke biyar a kowane sara. Mu ɗauki Faita a mataki na 5, Ƙarfi 16, babban takobi, salon Babban Makami. Harinsa ƙarin 6 ne, ɓarnarsa 11.33. In ya sauke biyar, harin ya koma ƙarin 1, ɓarna 21.33. Sai a ninka ɓarna da yiwuwar samu.

A kan ogre mai kariya 11, saran lafiya yana samu kashi 80, ya ba da 9.07. Mai nauyin yana samu kashi 55, ya ba da 11.73. A kan ork mai 13, 7.93 ne da 9.6. A kan 15, 6.8 da 7.47. A kan 16 sun kusa zama ɗaya, 6.23 da 6.4. A 17 lissafi ya juya, 5.67 da 5.33. A kan hobgoblin mai 18 kuwa asara ce a fili, 5.1 da 4.27.

Ba sai ka yi wannan a tebur ba. Ɗauki lambar harinka, ƙara 16, cire rabin matsakaicin ɓarnarka. A misalinmu 6 da 16 sun ba da 22, a cire 5.67, saura 16.33. Duk abokin gaba mai kariya 16 ko ƙasa, sauke biyar. Rubuta wannan lamba da fensir a saman takardarka, ka sake lissafa ta duk lokacin da Ƙarfi ya ƙaru ko aka sami makamin sihiri.

Abubuwa uku ke motsa wannan iyaka. Rinjaye, wato jefa d20 biyu a ɗauki babba, yana kai ta 17 a misalinmu, a 18 kuma bambancin ɗan kaɗan ne. Shi ya sa Babariyan ya fi kowa jin daɗin baiwar, tunda daga mataki na 2 yana iya ba kansa rinjaye da saran ganganci, a bisa sharaɗin duk mai kai masa hari shi ma ya sami rinjaye har layinsa ya zagayo. Na biyu, sihirin albarka da Kilarik, ajin mai sihirin addu'a, ko Faladin ke yi wa mutum uku, yana ƙara d4 a kowane hari, matsakaici 2.5, rabin abin da ka sauke ke nan. Na uku ya saɓa musu: yawan jinin abokin gaba. Goblin jininsa 7 ne. Saran lafiya na 2d6 da ƙarin 3 yana kashe shi kusan kullum, to me za ka yi da ƙarin 10? Ka rage wa kanka damar samu daga kashi 60 zuwa 35 a banza, ka kuma rasa saran gyara da kisan zai jawo.

Mai jan labari ba zai faɗa maka lambar kariyar dodo ba, kuma bai kamata ya faɗa ba. Kai za ka gano. Saurari jifar kowa a tebur. Maharbin ƙungiyarku ya ce 14 aka ce ya kuskure, wani abokin ya ce 16 aka ce ya samu, ka san tana 15 ko 16. Ka kuma saurari siffantawa: ƙaton jiki da fatar dabba a kafaɗa yawanci mai sauƙin samu ne, mai sulken ƙarfe da garkuwa kuwa kada ka gwada.

A dokar 2024 an cire wannan ciniki ɗungurungum. Baiwar tana ƙara 1 a Ƙarfi, tana ƙara lambar ƙwarewarka a ɓarnar saran da ka yi cikin aikin kai hari, 3 a mataki na 5, saran gyara kuma yana nan. An kawo sirrin kowane makami a madadi. Takobi da gilef suna ƙwarzanar abokin gaba da adadin ƙarin Ƙarfinka ko da saran ya kuskure. Barandami da halbad suna zarcewa kan wani da ke tsaye kusa da na farko, sau ɗaya a layi, ba tare da ƙarin Ƙarfi a ɓarnar ba. Guduma tana iya kayar da mutum, mashin tsiri yana tura shi baya har ƙafa 10.

Layi guda, daki-daki

Ga goblin biyu da ogre a bakin kogo. Faitan da muka lissafa yana sanye da sulke mai 17, jininsa 44, tafiyarsa gida shida. Layi ya zo kansa.

"Yaya, gida nawa ne tsakanina da goblin na hagu?"

"Uku. Ogre yana gida biyu a bayansa."

Ya tura murfin kwalbarsa gida uku. "Saran lafiya." Ya jefa 11, da 6 sun zama 17, ya samu. Dayis ɗin ludo suka ba da 1 da 4. Ya ɗauki mai 1 ya sake, ya fito 3. Bakwai da ƙarin 3 na Ƙarfi, goma. Goblin ya faɗi, gyara ta samu. Doka ta yarda a raba tafiya tsakanin sara da sara, sai ya matsa gida biyu ya tsaya gaban ogre. "Na sauke biyar." Wannan magana dole ta fito kafin dayis ya bar hannu. Ya jefa 13, da 1 sun zama 14, ya wuce 11. Dayis suka ba da 5 da 2, ya sake mai 2, ya fito 1, haka zai karɓa. Shida, da 3, da 10, goma sha tara. Jinin ogre ya sauko daga 59 zuwa 40. Saran gyara ma ya sauke biyar, ya jefa 6, jimla 7, ya kuskure. Da bai sauke ba da 12 ne, da ya samu. Wannan ba ya nufin shawarar ta ɓaci, farashin da aka san za a biya ne sau ɗaya cikin huɗu.

Saura tambaya ɗaya: ya kashe damarsa ta sake cikakken aiki yanzu? Sara biyu za su ba da kusan 23 a matsakaici, da wuya su ƙare 40. Ogre yana dukan 13 da ƙarin 6 a hari, rabi da rabi a kan 17, kuma jini 44 zai jure. In abokai za su rage dodon a wannan zagaye, gara a riƙe damar zuwa layi na gaba inda za ta iya zama ta kisa ta kuma jawo wata gyarar.

Dogon makami

Baiwar Gwanin Dogon Makami tana ba ka duka da gindin sandar a matsayin gyara, d4 da ƙarin Ƙarfi, bayan ka kai hari da gilef, halbad, gora ko mashi. A dokar 2014 mashin tsiri ba ya cikin masu wannan duka. Tana kuma ba ka sara na martani, wato wanda ake yi ba a layinka ba, idan wani ya shigo iyakar makaminka. A mataki na 5, sara biyu na 8.5 da dukan gindi na 5.5 sun ba da 22.5, daidai da 22.67 na mai takobi, alhali kai salon Kariya ka ɗauka kuma kana da martani a ajiye. In aka haɗa da baiwar Mai Gadi, wanda saran martaninka ya samu tafiyarsa ta koma sifili, sai ya tsaya cak a ƙafa 10, hannunsa bai kai gare ka ba. A ƙofa ko kan gada mutum ɗaya yana iya tare hanya da wannan. A dokar 2024 an sauya lafazin, saran shigowar ba ya tsayar da kowa.

Amma dogon makami yana da tarkunansa. Martani ɗaya ne a zagaye, na biyu da na uku za su wuce ka. Abokin gaba da ke cikin ƙafa 10 yana iya zagaya ka ya nufi mai sihirinku ba tare da ya fita iyakarka ba, don haka babu sara. In kana sara ta kan kafaɗar abokinka, jikinsa ya zama rabin mafaka ga abokin gaba, ƙarin 2 a kariyarsa, kuma dole ka sa wannan a lissafin sauke biyar. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne wanda aka kayar: rinjaye a kansa na wanda ke cikin ƙafa 5 ne, daga ƙafa 10 naƙasu ne. Ka kayar da shi, to matsa gida ɗaya kafin ka sara. Maharbinku ma naƙasu zai samu, ku yi magana kafin a kayar da kowa.

Gyara kuma guda ce, masu nemanta da yawa. Dukan gindi, saran bayan kisa, shiga fushi na Babariyan, da numfashin da Faita ke maido da jini da shi, d10 da lambar matakinsa, duk ita suke ci. Layin da Babariyan ya shiga fushi babu dukan gindi.

Inda hannu ke ƙarewa

Hannu biyu ana buƙatarsu ne lokacin sara kawai. Kana iya riƙe takobi da hannu ɗaya ka buɗe ƙofa, ko Faladin ya yi alamar sihiri, sannan ka mai da hannun. Amma in ka cafke wani da kokawa, hannun ya tafi, babu sara da babban makami har sai ka sake shi. Turewa ko kayarwa ba ta neman hannu a sake a dokar 2014, ita ce ta dace da kai. Fitila ma haka: ɗan Adam ba ya gani a duhu, kuma ba shi da hannun riƙe wuta. Ka roƙi mai sihiri ya sa haske a jikin takobin, ko wani ya riƙe fitilar a bayanka.

Dodo mai fuka-fuki ko maharbi a kan katanga yana mai da kai ɗan kallo. Ƙananan gaturan nan d6 ne, suna zuwa ƙafa 20 lafiya, asigiri kuma d6 ne da ƙafa 30, rabin zinariya kowane asigiri, kuma duka da Ƙarfi ake jifarsu. Sayi huɗu. A cikin ruwa takobi da guduma naƙasu suke samu, asigiri da mashi ba sa samu. A matsatsin rami da sai an matse jiki ma naƙasu ne. Akwai kuma halittu irin su mutum-kerkeci da makamin da ba na sihiri ko azurfa ba ba ya yi musu komai a dokar 2014, kuma shafa wa makami azurfa zinariya 100 ne.

Wanda ya zo daga Pathfinder na farko, wani wasa irin wannan na 2009, ko bugu na 3.5 na wannan wasa, ya kula da hannunsa. A can riƙon hannu biyu yana ba da ƙarin Ƙarfi sau ɗaya da rabi, ƙarin 4 ya zama 6. A bugu na biyar babu wannan, 4 yana nan a 4, kuma ana yawan kama tsofaffin 'yan wasa suna ƙarawa ba da gangan ba.

Abu na ƙarshe na tebur ne. Wanda ya sha cunkoso daga Mile 12 ko Obalende kafin ya iso, ga wuta da ba a san lokacin ɗauke ta ba, ba zai so ya zauna yana kallon mutum ɗaya yana ƙidaya da yatsu ba, kuma mai sara uku da sake jifa shi ya fi kowa cin lokaci. Yanki ɗan kati ka rubuta layi biyu: saran lafiya, ƙarin 6, 2d6 da 3, saran nauyi, ƙarin 1, 2d6 da 13, a ƙasa ka sa lambar iyaka, 16. Ka jefa d20 da dayis ɗin ɓarna a tare cikin murfin kwano don kada su gangara ƙarƙashin kujera, in harin ya kuskure ka kwashe su. In sara biyu ne, nemi dayis masu launi biyu, ja na farko, fari na biyu, ka faɗi wanda ka sauke wa biyar kafin ka buɗe hannu.